MUN KORI DANDALIN FIM DAGA KOFA, GA SHI A ALJIHUNKA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ba mu ji da gani da hankali, kuma zai tambaye mu a kansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi, mutumin Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, da kai nake wannan magana. Ni ma ban daɗe da wuce shekarunka ba, kuma irin wayar da ke aljihunka akwai ta a nawa. Saboda haka ka karɓi wannan a matsayin nasihar wa ga ƙanensa.

ABIN DA YA FARU A KOFA

A shekarar 2016, zamanin mulkin Shugaba Muhammadu Buhari, Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwa za ta gina dandalin shirya finafinai a garin Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a kan kuɗi Naira biliyan 3. Masu goyon baya suka ce samari za su sami aikin yi. Malamai kuwa suka tashi a kan mumbarori da gidajen rediyo, suka ce ba mu yarda a kawo mana matattarar rawa da waƙa da cakuɗar maza da mata a ƙofar gida ba. A cikin watan Yuli na wannan shekara gwamnati ta janye. Muka yi hamdala, muka ce tarbiyya ta tsira.

To, ɗan'uwa, zo mu yi wa kanmu adalci. Abin da muka ji tsoron a gina a Kofa da bulo da siminti, yanzu ina yake? Je ka teburin mai shayi a Kwanar Ɗangora bayan sallar Lisha, ko wajen mai cajin waya a Tudun Wada, ka ga kawunan samari a sunkuye. Dandalin da muka ce ba mu so, kowannenmu ya saye shi da kuɗin masararsa, yana kwana da shi a ƙarƙashin matashin kai. Na Kofa da an gina shi, da yana da ƙofa da maigadi da lokacin tashi. Wannan kuwa ba ƙofa, ba maigadi, ba ya tashi dare da rana.

Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, ta yi dokar Hukumar Hisba a 2003. Duk ayyukan alheri ne. Amma a wannan shekara ta 2001 ɗin wayar salula ta shigo Nijeriya. Ɗan Hisba yana iya shiga otal, ba ya iya shiga bargonka da ƙarfe biyun dare. A nan ba mai tace maka abin da kake kallo sai tsoron Allah, in kana da shi.

WAYA BA ITA CE HARAM BA

Kada ka ce Malam ya haramta waya. Ban ce ba, kuma ba wanda ya isa ya haramta abin da Allah da Manzonsa ba su haramta ba. Marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, Rediyon Kaduna na watsa shi, manomi a Riruwai yana ji. Da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, da kaset da lasifika wa'azin sunna ya shiga ƙauyuka. Watau na'ura bawa ce, inda ubangijinta ya aike ta nan take zuwa.

Ga misali a ƙasarmu. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ke bin magudanai yana shayar da shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa da Kura. Albarka ce, domin ruwan yana da ganuwa, kuma akwai mai buɗewa da rufewa. A watan Agusta na 1988 kuwa, da madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwa ne dai irin wancan ya cinye gonaki da gidaje. Tambayi dattawan Bebeji su ba ka labari. To, wayarka ruwa ce. Ina ganuwarta?

ƘOFOFI UKU DA SHAIƊAN KE SHIGOWA

Ta farko ido. A Suratun Nur, aya ta 30, Allah Ya umurci muminai maza su runtse idanunsu, su kiyaye farjinsu. Umurnin bai ce a kan hanya kawai ba. Macen da bai halatta ka ƙura mata ido a kasuwa ba, bai halatta ka ƙura mata ido a TikTok ba. Ka sani kuma, waɗanda suka ƙera waɗannan shafuka 'yan kasuwa ne. Na'urarsu tana lura da abin da ka daɗe kana kallo, sai ta ƙaro maka irinsa, domin da daɗewarka suke samun kuɗin talla. Ka tsaya a kan rawa ɗaya yau, gobe ka wayi gari da goma. In kuma ka tura wa abokinka, ka shiga cikin masu son alfasha ta watsu tsakanin muminai, waɗanda aya ta 19 ta wannan sura ta yi wa alkawarin azaba mai raɗaɗi duniya da lahira.

Ta biyu caca. Sun sauya mata suna, wai hasashen ƙwallo ne. Suna ba ya sauya hukunci. Ka ajiye kuɗi a kan abin da ba ka san ƙarshensa ba, ka ci ko a cinye ka, wannan ita ce cacar da Allah Ya haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, Ya ce aikin Shaiɗan ce, tana jefa gaba, tana hana ambaton Allah da salla. A watan Oktoba na 2024 Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a birnin Kano. Shago ya rufu, amma na cikin waya yana nan buɗe. Yaro ya yini yana yankan rake ko haƙar dankali a Doguwa, da dare ya miƙa ladansa ga kamfanin da bai san sunan garinsu ba, saboda waɗansu mutane 22 suna guje-guje a Ingila. Wannan hankali ne?

Ta uku harshe, wanda yanzu ya koma ɗan yatsa. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umurce mu in fasiƙi ya zo da labari mu bincika, kada mu cuci waɗansu bisa jahilci mu wayi gari muna nadama. Imam Muslim kuma ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Yau ana haɗa muryar mutum da hotonsa da kwamfuta, a sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Kai kuma ka gani a WhatsApp ka danna, ya tafi ga mutum ɗari kafin ka gama shan shayi. Wallahi mala'iku suna rubutawa.

SIYASA DA JININ MUSULMI

Ta wannan ƙofa ta uku ce 'yan siyasa ke shigowa su ɗauke ka. Da fari a saya maka data ka zama sojan baka, kana zagin wanda ya girmi mahaifinka. Sannan a ba ka riga da hula da kuɗin mai. Daga nan sai ƙwaya, daga ƙwaya sai adda da gora. Wanda ya tsira da ransa, wataƙila ka same shi a gidan gyaran hali na Kiru.

Ba labarin wata ƙasa nake ba ka ba. Bayan zaɓen ranar 25 ga Fabrairu 2023, rikici ya tashi a garin Tudun Wada, aka ƙona ofishin jam'iyya, aka rasa rayuka. Ban zo in yanke wa kowa hukunci ba, akwai ranar da Mai hukunci zai yi. Abin da nake so ka duba shi ne wannan: a ranar 15 ga Afrilu aka je aka ƙarasa zaɓen mazaɓar Doguwa da Tudun Wada, harkokin siyasa suka ci gaba. Waɗanda aka binne fa? Sun dawo? 'Yan siyasa suna faɗa yau su shirya gobe, su sauya jam'iyya jibi. Uwar da aka kashe wa ɗa ba ta da jam'iyyar da za ta koma.

Ka ji tsoron Allah. Suratun Nisa'i, aya ta 93, ta yi wa wanda ya kashe mumini da gangan alkawarin Jahannama da fushin Allah da la'anarsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa in Musulmi biyu suka fuskanci juna da makamansu, da wanda ya kashe da wanda aka kashe duk 'yan wuta ne, domin shi ma ya fito da niyyar kisa. Nawa aka ba ka da zai biya wannan?

Ban ce ka guji siyasa ba. Malaman sunna tun zamanin Shaihu Gumi suna kira a yi rajista a yi zaɓe. Ka yanki katinka. In mai neman ƙuri'a ya zo, tambaye shi maganar taki, da asibiti, da makaranta, da tsaron matafiya a dajin Falgore, da aikin yi. Maganar aikin yi da aka yi a 2016 gaskiya ce, kuma har gobe haƙƙinmu ne mu nemi aikin halal daga masu mulki. Ƙuri'a shaida ce, kada ka sayar da ita. Ka jefa, ka koma gida.

ABIN DA ZA KA YI DAGA YAU

1. Da an kira salla, waya ta shiga aljihu, kuma ka kashe kiɗanta kafin ka shiga masallaci.
2. Duk shafin da za ka ji kunya mahaifiyarka ta gan ka kana kallo, ka fita daga cikinsa yau.
3. Ka goge manhajar caca. Abin da ya wuce ka tuba, kada ka ce sai ka fanshe.
4. Labarin da ba ka tabbatar ba, ya mutu a hannunka.
5. Ka lissafa kuɗin datar da ka saya a wata, ka gwada shi da abin da ka ba iyayenka.
6. Tsakanin Magariba da Lisha ka zauna gaban malami da littafi. Karatun waya taimako ne, ba ya maye gurbin malami.
7. Ka riƙi sana'a, noma ko kiwo ko gyaran ita wayar kanta.

Tirmizi ya ruwaito cewa ranar kiyama bawa ba zai gusa ba sai an tambaye shi rayuwarsa da ƙuruciyarsa a me ya ƙarar da su. Cikin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa kuwa akwai saurayin da ya tashi cikin bautar Allah. Wannan matsayi naka ne in kana so, tsoho ya riga ya rasa shi. Kuma Suratur Ra'ad, aya ta 11, ta sanar da mu Allah ba Ya sauya halin da mutane ke ciki sai sun sauya abin da ke zukatansu.

Ya Allah Ka shiryi samarinmu, Ka tsare idanunsu da harsunansu da hannayensu. Ka jiƙan Musulmin da suka riga mu. Ka ba mu shugabanni masu tsoronKa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.