Ba Ɗanmu Kaɗai Ke Zaune A Kan Benci Ba

Sau da yawa mukan ji haushi in makaranta ta nemi katin riga-kafi, ko ta maido mana da yaro gida domin jikinsa da zafi. Mukan ce, "Ai ɗanmu ne, mu muka san abin da ya dace da shi." Hakika namu ne, amma ba shi kaɗai ke cikin aji ba.

Mu dubi ƙyanda. Yaro yakan fara baza ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito. Idan muka ba shi maganin zazzaɓi da safe, muka tura shi don kada jarrabawa ta wuce shi, abokin zamansa yana iya kai cutar gida ga jaririn da bai cika wata 9 ba, wanda ba a yi wa allura ba tukuna. Ashe Doka ta Biyar ba da mai riƙe da wuƙa kaɗai take magana ba.

Ba mu raina tsoron iyaye ba. Gwajin maganin sanƙarau da aka yi a Kano a 1996 ya bar tabo a zukata. Amma da aka dakatar da riga-kafin shan inna a 2003, cutar ta ƙetara zuwa waɗansu ƙasashe, ta gurgunta 'ya'yan waɗanda ba a yi shawara da su ba.

Saboda haka, mu kai shakkarmu asibiti, mu faɗa wa malamai gaskiya, mu danƙa maganin yaro a hannunsu, ba cikin jakarsa ba. Ubangiji ya ba mu zuciyar tuna ɗan maƙwabci. Amin.