Yaushe baƙo zai naɗe tabarmarsa?

Cin rani yana da iyaka: hadarin farko shi ke kiran ɗan Adar gida. To wanda ya shekara 20 a Abijan, wane hadari zai kira shi? Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubban ƴan Nijar, suka iso hannu wofi. Abdu Mumuni ɗan Tasawa kuwa ya baro Bamako a 1969, yana da shekara 40, ya jagoranci binciken makamashin rana a Yamai. Ga ma'aunin: mutum ya koma tun yana da ƙarfi da sanin da ƙasarsa za ta mora, kafin wahala ta yanke masa shawara. Wanda ya jira tsufa, gida zai karɓe shi, amma ƴaƴansa za su zama baƙi a garin ubansu.