Baƙin Cikin Mace Mai Ciki

Bari mu tuna da Rifkatu matar Ishaku, cikin Farawa sura 25. Shekara 20 tana zaman jiran haihuwa. Ishaku ya yi roƙo dominta, Allah kuwa ya ji, ta ɗauki ciki. Amma da 'ya'yan suka yi ta fama a cikinta, wahala ta yi mata yawa, har ta tambayi amfanin zamanta. Ga mace wadda aka amsa addu'arta, ga ta kuma cikin nauyin zuciya. Ubangiji bai tsauta mata ba. Ta je wurinsa da tambayarta, ya kuwa ba ta amsa.

Akwai irin su Rifkatu a cikin ekklisiyoyinmu. Muna ganinsu ran Lahadi, muna yi musu barka, ba mu san abin da ke cin ransu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kamar mace 10 cikin 100 na masu ciki sukan kamu da ciwon tunani, yawanci ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa sun kai kusan 16 cikin 100.

Yaya za mu gane shi? Laulayi da gajiya kowace mai ciki ta san su, sukan zo su wuce. Wannan kuwa yakan zauna. Mako 2 ko fiye mace tana baƙin ciki kusan kullum. Abin da take murna da shi dā ya fita ranta. Barci ya ƙi, ko kuwa ya yi yawa. Abinci ba ya shiga. Tana kuka, tana ganin kanta ba ta da amfani. Wata har takan yi tunanin mutuwa.

Dalilansa suna da yawa. Jikin mace yana sākewa ƙwarai lokacin ciki. Talauci, da dūkan miji, da kaɗaici, da tunawa da ɓari ko ɗan da ya rasu, duk suna ƙara nauyin. Wadda ta taɓa yin ciwon a dā ta fi saurin sāke kamuwa. Idan aka ƙyale shi, mace takan daina zuwa awo, ta daina cin abin kirki. Jariri yana iya zuwa bakwaini ko ƙarami, ciwon kuma yakan bi uwar har bayan haihuwa.

Waɗansu sukan ce iskoki ne ko sammu. Waɗansu masu bi kuma sukan ce rashin bangaskiya ne, ko zunubin ɓoye. Kada mu aza wa mai rauni kaya biyu. Ciwo ne, kamar zazzaɓi, yana kuwa da magani. Annabi Iliya, wanda wuta ta sauko saboda addu'arsa a Dutsen Karmel, shi ma ya zauna a jeji yana roƙon mutuwa. Mala'ikan Ubangiji bai yi masa faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu. Wannan yana cikin 1 Sarakuna sura 19.

To, mene ne aikinmu?

Ku mazaje, ku zauna ku saurari matanku. Ku rage musu daka da ɗiban ruwa, ku raka su asibiti. Hannun da ya ɗaga a kan mace mai ciki ya yi wa mutum biyu laifi.

Ku mata na zumunta, ku duba Alisabatu, wadda ta karɓi Maryamu a gidanta wajen wata 3, dukansu biyu suna da ciki. Kakanninmu ma sun san wannan, shi ya sa akan kai mai cikin fari goyon ciki gidan iyayenta. Amma kunyar cikin fari takan rufe bakin yarinya. Kada ku jira ta faɗa. Ku je, ku tambaye ta a hankali, abin da ta gaya muku kuwa kada ya zama hirar bakin rijiya.

Ku fastoci da dattawa, ku yi addu'a tare da ita, sa'an nan ku tura ta wurin likita ko ungozomar asibiti. Addu'a da magani ba abokan gāba ba ne. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Shawarar ma'aikatan lafiya takan warkar da mata da yawa, akwai kuma magunguna da likita yake iya ba mai ciki. Kada dai ta sayi magani da kanta, kada kuma ta daina wanda aka ba ta sai da izinin likita. Idan ta ambaci kashe kanta, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Ke kuma 'yar'uwa da ke cikin wannan duhu, ba laifinki ba ne, ba ki kuwa zama muguwar uwa ba. Ki gaya wa mutum ɗaya da kika amince da shi a wannan mako. Allahn da ya ji Rifkatu yana jinki.

Ubangiji ya ba mu idon gani da kunnen ji, domin sunan Yesu. Amin.