Wa Ke da Iko da Muryar Mamaci?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba ɗan Adam harshe, ya kuma bambanta muryar kowa da ta ɗan'uwansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, zancenmu na yau zai kai mu nesa, har ƙasar Japan, kuma a kan wata mawaƙiya ne. Kada wani ya yi saurin ninke takarda. Hukuncin kiɗa da waƙa babi ne da malamai suka daɗe suna magana a kansa, yana da nasa zaman dabam. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: idan mutum ya rasu, ya halatta a ɗauki muryarsa a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba?

Sunan matar Misora Hibari. An haife ta a birnin Yokohama a 1937, ubanta mai sayar da kifi ne. Tun tana yarinya ta fara waƙa, a shekarun da ƙasarta ke farfaɗowa daga ɓarnar yaƙin duniya na biyu, har ta zama babu kamarta a salon waƙar da suke kira enka, wato waƙoƙin bege da rabuwa da kewar gida. Ta rasu ranar 24 ga Yuni 1989, tana da shekara 52.

Da ta cika shekara 30 a ƙasa, a 2019, gidan talabijin na NHK ya haɗa kai da kamfanin Yamaha suka ce za su dawo da muryarta. Suka tara fayafayanta, suka tace muryar daga cikin kiɗa, suka ba kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, wadda suka sa wa suna VOCALOID:AI. Aikin na'urar shi ne ta yi ta bitar muryar har ta gane ɗabi'unta: inda take karkarwa, inda take jan numfashi, yadda take hawa daga wannan sauti zuwa wancan. Idan ta koya, sai a miƙa mata kalmomi da karin da matar ba ta taɓa ji ba, ta rera su kamar daga maƙogwaronta. Akimoto Yasushi, wanda ya rubuta mata waƙarta ta ƙarshe tana raye, shi ya rubuta sabuwar, aka kira ta Arekara. Aka ƙera surarta da haske a kan dandamali, wata mawaƙiya mai suna Tendo Yoshimi ta ara mata motsin jiki. An fara nunawa a watan Satumba, sannan a daren 31 ga Disamba 2019 aka sa ta cikin Kohaku, babban shirin waƙoƙin da iyalan Japan ke taruwa su kalla a ƙarshen shekara.

A tsakiyar waƙar akwai wurin da muryar ke daina rerawa ta yi wa jama'a magana, kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya tana gaishe su, tana lallashinsu. Wannan gurbin ya ba masu aikin wahala, domin maganar baka ba ta da yawa a fayafayanta. Sai aka samo wasu kasat-kasat da ta naɗa wa ɗan ƙanenta Kazuya, wanda ta riƙa tamkar ɗan cikinta, tana karanta masa labarai don ya saurara in ta yi tafiya. Da waɗannan aka koya wa na'urar taushin harshe. Ku dubi wannan, ƴan'uwa: maganar da uwa ta keɓe wa ɗanta a ɗaka, da ita aka ƙera gaisuwar da ba ta yi ba, aka watsa wa ƙasa baki ɗaya.

Mutane da yawa sun yi kuka, kuma ba na raina hawayensu. Duk wanda ya binne uwa ya san abin da zai bayar don ya sake jin ta kira sunansa sau ɗaya. Amma wasu ransu ya ɓaci. A watan Janairu 2020 aka tambayi mawaƙi Yamashita Tatsuro a shirinsa na rediyo, ya amsa da kalma guda, cewa wannan keta alfarma ne.

Masu kare aikin suna da hujjoji, kuma adalci ne a kawo su. Suna cewa ba a yaudari kowa ba, tunda an sanar da cewa na'ura ce. Suna cewa magajinta ya yarda, kuma niyyar girmamawa ce.

Batun sanarwa yana da ƙarfi. Mu ma mai tatsuniya yana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san Gizo za a yi, babu mai kiransa maƙaryaci. A Japan ɗin ma akwai irin wannan: Hatsune Miku, yarinyar zane da kamfanin Crypton na birnin Sapporo ya fitar a 2007, wadda dubban mutane ke tsara waƙa a kwamfuta su sa ta rera. Muryarta an ɗauko ta daga wata mata mai rai, Fujita Saki, da saninta. Miku ba ta taɓa rayuwa ba, ba ta da kabari, ba ta da ra'ayin da za a saɓa wa. Amma Hibari mutum ce, tana da abin da ta yarda ta faɗa da abin da ta ƙi. Kuma duk ƙarfin aikin ya dogara ne a kan mai kallo ya manta da sanarwar. Da zukata sun riƙe cewa injin ne ke magana, da babu wanda ya zubar da hawaye. Kunne ya ji sanarwa, zuciya ta ji Hibari.

Batun yardar magaji kuwa, a nan nake ganin an haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Ana gadon gida da gona da kuɗin fayafayi. Ba a gadon shaida. Ɗa ba ya zuwa gaban alƙali ya ce, ubana bai faɗi kaza ba, amma na yarda a rubuta ya faɗa, tunda ni ne magajinsa.

Sai niyya. Waɗanda suka karanci ilimin hadisi sun san cewa masu ƙirƙira mafi haɗari su ne masu kyakkyawar niyya. Malaman fannin sun ruwaito labarin Nuhu ɗan Abi Maryam, alƙalin Marwa, wanda ya ƙaga hadisai kan falalar surorin Alƙur'ani, da aka tuhume shi ya ce ya ga mutane sun juya wa Alƙur'ani baya ne, ya so ya jawo su. Malamai ba su karɓi uzurin ba, kuma saboda irinsa ne Ibnul Jauzi ya tara littafi sukutum na hadisan ƙarya. Ba ina daidaita ƙarya ga Manzon Allah (S.A.W.) da waƙar talabijin ba, tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Amma ƙa'idar da suka tsaya a kai ta shafi kowa: kyawun magana ba ya halatta jingina ta ga wanda bai faɗe ta ba. Ƙila ma daɗinta ne ke ƙara haɗarin, domin magana mai daɗi ba a cika tambayar daga ina ta fito ba.

Abin da ya ci wa NHK da Yamaha watanni, yau yaro na iya kusantarsa da wayar hannu. Akwai manhajoji irin su Suno da ke haɗa waƙa cikakkiya, a salon Japan na shekarun 1980 ko wani, daga ƴan kalmomin da aka rubuta musu, akwai kuma masu kwaikwayon murya daga ɗan guntun sauti. Dokar haƙƙin mallaka ta Japan, tun gyaran 2018, ta sassauta amfani da ayyukan mutane wajen koyar da na'ura. A 2024 masu ara wa finafinan zane murya a ƙasar suka fito fili suna kokawa cewa ana kwafar muryoyinsu ba da izininsu ba. Su masu rai ne, sun iya kuka. Mu kuma muna da malamai da suka rigaye mu, tafsirinsu na sa'o'i masu yawa yana cikin kasat da wayoyi, kuma wannan ya ishi na'ura ta koya. Ranar da aka turo maka muryar marigayi tana ba da fatawar da babu almajirin da ya taɓa ji, kunnenka ba zai iya zama shaida ba, sai an koma tambayar magabata: wa ya ji, daga wa?

Ita Hibari, a watan Afrilu 1988, ciwo ya riga ya ci ƙarfinta, ƙafafunta da ƙyar suke ɗaukarta, ta hau dandamalin Tokyo Dome ta rera waƙa 39 a dare ɗaya. An ajiye mata gado a bayan fage saboda halin da take ciki. Bayan wata 14 ta rasu. Abin da ta faɗa a daren nan da bakinta ta faɗe shi, kuma yana nan a naɗe ga mai son jin ta.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare harsunanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.