Gadon Ƙarfe a Kan Sikeli

A Boko ta ƙasar Kusada, da sauran garuruwan da ke cin kasuwar Kankiya, akwai tsofaffin matan da in suka leƙa ɗakin wata, za su gaya maka zamanin da aka kawo ta gidan miji ba tare da sun tambayi kowa ba. Gado suke kallo, da jeren da ke bango, da akwatin da aka tura ƙarƙashi. Ilimi ne sosai, ko da yake babu makarantar da ke koyar da shi, kuma ina ganin mun raina shi fiye da kima.

Kayan ɗaki hawa-hawa ne. Na can ƙasa shi ne zamanin gadon kara da gadon ƙasa, wanda ake ginawa da laka a bar masa rami na zuba garwashi lokacin hunturu. Jeren wannan zamani ƙorai ne masu zane, da akussa, da faya-fayai, sai tasoshin tagulla na Bida a ɗakin 'yar masu hali. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kanti suka fara malalowa Arewa, sannu a hankali langa da samira da fanteka suka ture ƙwarya daga bango. Da fari daga Turai da Hankon ake kawo su, daga baya aka kafa masana'antunsu a Kano. Tare da su gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo, a jibga masa katifu da matasai har sai amarya ta taka wani abu kafin ta hau. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 da yalwar man fetur sai kafintoci suka karɓe kasuwa da gadon fomeka mai madubai da kabad mai gilashi. Yau kuwa ana yayin manyan kujeru masu lanƙwashe-lanƙwashe da ruwan zinare.

Gadon ƙarfen nan ya fi tsaya mini a rai. Mata sun so shi ne da dalili: gara ba ta cin sa, in kuma kuɗin cizo ya shige shi, sai a kwance shi a fitar tsakar gida, a kwarara masa tafasasshen ruwa, a bar wa rana sauran aikin. Iri biyu ne, kuma mahaɗarsa ce ke tona asalinsa. Na kanti, irin wanda garin Bamingam na Ingila ya yi suna wajen ƙerawa tun ƙarni na 19, ƙarfen zubi ne a gaɓoɓinsa, sandar gefe tana da kai mai faɗi da ke zamewa cikin gurbinta ta cije, babu ƙusa babu noti. Sau da yawa akwai ƙwallon tagulla a kan ginshiƙansa. Na gida kuwa, wanda masu walda suka kwaikwaya daga baya, za ka ga ɗinkin wuta a kowace kusurwa, kuma ya fi sauƙi a hannu. Shi ma yana da darajarsa, domin shi ya kai gadon ƙarfe ɗakin 'yar talaka. Amma ba sa'o'in juna ba ne, kuma mai ido ba ya haɗa su.

Haka kujerar mata 'yar tsugune. Ta asali daga gungume guda masassaƙi ke fitar da ita, ƙafafu da mazauni duk jiki ɗaya. Juya ta ka shafa cikinta, za ka ji sawun gizago, sara bayan sara, babu biyu da suka yi daidai. In ta yi nauyin da ya fi girmanta, wataƙila ƙirya ce. Samanta kuma ya yi sulɓi da duhu, irin wanda fenti ba ya bayarwa, sai shekarun zama a bakin murhu.

Turawan Ingila sun mayar da irin wannan kallo sana'a. Suna kiran kayan katakonsu da sunan mai sarautar lokacin: na zamanin Sarauniya An, 1702 zuwa 1714, an san kujerunsa da ƙafa mai lanƙwasa, na zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, nauyi da yawan ado. Wani kafinta mai suna Thomas Chippendale ya buga littafin zanen kayansa a 1754, har yau da sunansa ake kiran salon. Hatta kayan mashayarsu ba su bari sun salwanta ba. Doguwar kujera mai dogon jingina da aka yi don tare iskar sanyi, da ɗan teburin nan mai ƙafafu 3 na ƙarfen zubi da aka yi masa nauyi da gangan don kada a ture shi, duk suna da dillalai da masu saye. Dillalin yakan kifa teburi ya duba sawun zarto: in layin ya yi gwauro da mari, hannu ne ya yanka, in ya zagaya kamar baka, inji ne. Daidai abin da tsohuwar Boko ke yi da samira ke nan, in ta kifa ta tana neman tambarin da ke gindi. Bambancin kawai, su sun rubuta nasu, sun kuma sa masa farashi, har suna da ƙa'idar cewa abu sai ya kai kimanin shekara 100 kafin a kira shi kayan tarihi. Wani abin da ba kowa ya sani ba, katakon da suka yi ado da shi a ƙarshen ƙarni na 19 har da dangin maɗacinmu, wanda aka riƙa sarewa a kurmin Afirka ta Yamma ana lodawa a jiragen ruwa.

Kujerun ruwan zinaren da iyaye ke cin bashi don su saya wa amare yanzu, su ma suna da kakanni. Kwaikwayo ne na adon fadar Faransa a zamanin Sarki Luwi na 15, wanda ya yi mulki daga 1715 zuwa 1774, ya biyo ta Masar da Turkiyya da Dubai kafin ya iso gare mu. Can masassaƙi ne ya sassaƙa furen a jikin itace. A nan yawanci roba ce aka zuba a mazubi aka manna a kan garin katako da aka matse. Damina biyu a ɗakin da ke yoyo, sai ka ga gindin ya kumbura yana marmashewa. Ban ga laifin mai son kyau ba, amarya kuma tana da haƙƙin ta yi yayin zamaninta kamar yadda kakarta ta yi nata. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ake fitarwa don a ba sabon wuri.

Domin yanzu 'yan gwangwan sun san hanyar kowane ƙauye. Yaro ne zai shigo da kura da sikeli, jika ya leƙa ɗaki ya ce, "Kaka, ga masu sayen ƙarfe, a fito da gadon nan da ya tare wuri?" Ita kuma ta ce, "To ɗan nan, me zan yi da shi, a ba su." Shi ke nan, gadon da uba ya sayar da gyaɗar shekara guda ya saya, a ɗora shi a sikeli a biya kuɗin kilo, a kai shi inda za a narke a yi rodi. Tasar Bida ma haka, da duk sawun gudumar maƙerin da ya buga mata zane.

Na san wani lokaci ba raini ba ne, buƙata ce. Kayan ɗaki dukiyar mace ce ta kanta, tun asali ma ajiya ce don ranar tsanani, kuma ba ni da bakin hana tsohuwa sayar da abinta ta sayi magani ko hatsi. Wani lokacin kuma rabon gado ne ya zo, magada goma ba za su raba tasa ɗaya ba sai an mayar da ita kuɗi. To amma ko sayarwar ce, sikeli shi ne mafi munin ciniki, don ba ya ganin komai sai nauyi. A kasuwar Kurmi ta Kano akwai masu rumfunan tsofaffin kaya da suka san tasar hannu daga ta inji, kuma da zane da shekaru suke yi mata kuɗi. Gidan tarihi na Gidan Makama a Kano da gidan tarihi na Katsina an kafa su ne don adana irin waɗannan abubuwa. Daga Kankiya zuwa ko wanne cikinsu tafiyar yini ce, a je a dawo kafin magariba, tasar tana cikin buhu.