Santsin Banɗaki Da Haƙƙin Iyaye

 

Ya kai ɗan'uwana matashi, ina da tambaya gare ka. Yaushe rabonka da ka leƙa banɗakin da tsohonka yake shiga? Ka durƙusa masa da safe, ka ba da cefane, ƙila ma kana tara masa kuɗin kujerar Makka. Madalla. Amma ka taɓa duba gansakukar da ta kama simintin da yake takawa kafin asuba, buta a hannu, cikin duhu?

Wani zai ce, Malam, maganar banɗaki kuma a wa'azi? To, ka sani Musulunci bai ji kunyar ta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Anas ɗan Malik, yana yaro, shi yake ɗaukar wa Manzon Allah (S.A.W.) ruwan tsarki idan zai fita biyan bukata. Abu Dawuda da Nasa'i kuma sun ruwaito cewa akwai wani akushi na itace a ƙarƙashin gadonsa wanda yake bawali a ciki da dare. Saboda haka wanda ya ajiye wa tsohuwarsa fo a ɗaki don kada ta ratsa tsakar gida cikin dare bai zo da sabon abu ba.

Abin ba wasa ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma 'yan sama da shekara 60 ne abin ya fi kashewa. Yaro ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe riga. Tsoho kuwa ƙashinsa ya yi rauni, da ya zame sai ƙugu ya karye, sai kwanciya. Daga kwanciya sai gyambon baya, sai ciwon haƙarƙari. Ga masu ciwon suga da masu kumburin mafitsara suna tashi sau da yawa a dare. Ga mai shan maganin hawan jini, wanda jiri kan ɗebe shi in ya miƙe daga tsuguno.

Na san amsar: ajali ne. Haƙiƙa ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma kai da kake faɗin haka, ba ka kwana sai ka ɗaure babur ɗinka da sarƙa. Yaya aka yi tawakkalinka bai tashi ba sai a kan ƙashin mahaifinka?

Wurin da maganar take da wuya shi ne kunya. Dattijon da ya yi shekara 70 ba wanda ya ga tsiraicinsa, ba zai buɗe baki ya ce wa ɗansa, ba na iya tashi daga masai ba. Sai ya rage shan ruwa, ya rage cin tuwon dare, ya yi shiru. In ka ce za ka riƙe shi ka shiga da shi, ya ce a'a, kuma yana da gaskiya, domin suturarsa haƙƙinsa ce. To, shin ka bi umarninsa ka bar shi cikin haɗari, ko ka saɓa masa ka keta masa sutura? Ni a ganina ba ɗaya daga ciki. Gyara wurin, har ya zama bai bukaci hannunka ba. Ayar Suratul Isra'i ta 23 da ta hana nuna wa iyaye ƙosawa, lokacin tsufa ta ambata, lokacin da hidimar ta daina daɗi.

Kuma gyaran bai kai kuɗin wayar da ke aljihunka ba. Kira mai walda ya kafa bututun ƙarfe a jikin bango, daidai inda hannun Baba yake kaiwa, a kama shi da siminti. Kada ka yarda da ƙusa, sai ka rataya jikinka a kai ka ga ya ɗauke ka. Kafinta ya yi kujera mai rami a ɗora bisa masai, tsawonta daidai gwiwarsa. A ajiye wata ta wanka da alwala. In magini ya ce zai sa tayil mai sheƙi, hana shi. Ƙasa mai kaushi ake so, a karkata ta ruwa ya bi kwata. Tsintsiyar kwakwa kuma ta bi gansakuka duk mako, kuma kai za ka yi, kada ka ce aikin mata ne. Sa fitila mai caji ko ta sola a hanya, tun da wuta ba ta da tabbas. Kwashe turmi da igiyar shanya daga hanyar.

Sai ƙofa. A juya ta ta riƙa buɗewa waje, domin in ya faɗi a bayanta, jikinsa ne zai tokare ta. Sakata kuma a sa wadda za a iya zarewa ta waje.

Ranar da za ka yi aikin, kada ka ce, Baba, ai ka tsufa. Ce masa, Baba, banɗakin nan ya lalace, zan kira magini. In ya ce a bar shi haka, ka ce ka riga ka sayi siminti.