Lafazi da Nufi a Gaban Piyano

A shafin farko na sonatar da Ludwig van Beethoven ya tsara a birnin Biyana cikin 1801, wadda jama'a suka laƙaba wa Hasken Wata alhali ba shi ya raɗa mata sunan ba, akwai umurni guda da Italiyanci, wanda ma'anarsa ita ce a kaɗa babin farko ɗungum da matuƙar taushi, kuma kada a bar madannan tsirkiya su sauka. A cikin piyano galibin tsirkiyoyi suna da ɗan ƙullin ulu kwance a kansu, mai kashe amo da zarar an ɗaga yatsa. In makaɗi ya taka fedar dama sai ƙullin su tashi gaba ɗaya, amo ya yi ta yawo har ya mutu don kansa. Beethoven ya ce a taka a bari, babu wani lauje cikin naɗi.

Na taɓa zama a ɗakin wani dattijo a Landan, likita ne da ya aje aiki ya koma wa piyanon da ya bari tun yana saurayi, ranar da ya ƙudura zai bi umurnin nan harafi da harafi. Bai kai layi na uku ba amo ya dagule, sabo ya hau kan tsoho, kamar an wanke alluna goma cikin ƙwarya guda. Ya janye ƙafa, ya tuɓe tabarau, ya tambaye ni, ni da ban san ko baƙi ɗaya na rubutun kiɗa ba, shin shi ya yi kuskure ko marubucin.

Babu wanda ya yi. Piyanon 1801 jikinsa katako ne, tsirkiyarsa siririya, 'yan gudumominsa an lulluɓe su da fata, maɓallansa sittin da 'yan kai, amonsa kuwa ba ya daɗewa yake gushewa; na yau ƙashinsa ƙarfe ne, maɓallansa 88, amonsa yana jan rai. Lafazi yana nan yadda aka rubuta shi, amma abin da aka rubuta dominsa ya canja.

Duk wanda ya durƙusa gaban malaman Usulu zai ji ƙanshin mas'alar da ya sani, ko da yake, a'uzu billahi, ba muna daidaita maganar ɗan Adam da wahayi ba ne, hanyar tunani kaɗai muke kwatantawa. Akwai masu tsayawa kan zahirin nassi, irin mazhabar Dawud da Ibn Hazm na Andalus, waɗanda ke tsoron in aka buɗe ƙofar tawili kowa zai shigo da ra'ayinsa. Akwai kuma masu neman illa, masu cewa hukunci yana tafiya tare da dalilinsa. Makaɗan Turai su ma sun rabu haka, har suna kafa hujja da ruwaya, domin Carl Czerny, wanda ya yi karatu a hannun Beethoven tun yana yaro, ya rubuta cewa a saki feda a sake takawa duk lokacin da amon ƙasa ya canja. Ga nassi muɗlaƙi, ga almajirin mai nassi ya ƙayyade shi.

Silsilar nan tana da daɗin bi. Beethoven ya zo Biyana a 1792 ya ɗauki karatu wurin Joseph Haydn, dattijon nan mai ibada da ya saba buɗe rubutunsa da sunan Ubangiji ya rufe da godiya gare Shi. Czerny ya karɓa daga Beethoven, Theodor Leschetizky daga Czerny, Artur Schnabel daga Leschetizky. Schnabel shi ne ya fara ɗaukar sonatocin piyano 32 na Beethoven gaba ɗaya a faifai, a Landan, tsakanin 1932 da 1935. Sai ga shi mai wannan isnadi, wanda in da akwai mai ijazar sassautawa shi ne, ya zama bazahire a wuri mafi wuya. A babbar sonatar da ake kira Hammerklavier, Beethoven ya rubuta adadin saurin babin farko, bugu 138 a minti, saurin da yawancin gwanaye suka ga ya wuce ƙima suka rage. Schnabel ya ƙi ragewa, ya kutsa, yatsunsa suna tuntuɓe, kuma tuntuɓen yana nan a faifai kowa na ji. Ni dai ina ganin mutuncinsa a wannan tuntuɓe fiye da santsin waɗansu, domin ya yarda a ga gazawarsa da a ce ya gyara wa malamin malamansa magana.

Wannan zaɓi tsakanin lafazi da tawili shi ne jarrabawar da ta keɓanci babba. Yaro muƙallidi ne, malama ta ce taka ya taka, ta ce saki ya saki, alhakin yana wuyanta. Amma mutumin da ya haura sittin, wanda ya karanta tarihi, ya saurari faifai ashirin, ya san saɓanin malamai, ba shi da wannan mafaka. Tilas ya zaɓa, kuma a lokacin zaɓen akwai mai ba shi shawara a ɓoye, wato yatsun da suka fara sandarewa da kafaɗar da ke ciwo da damina. Sai ka ji ya ce babin nan yana son natsuwa, ya rage sauri, ya kira abin zurfin fahimta, alhali ɗan yatsansa na huɗu ne ya ba da fatawa. Nafsu ba ta zuwa da sunanta, rawanin ijtihadi take naɗowa. Alamar da nake gane ta da ita kuwa ɗaya ce: in duk tawilin mutum ya faɗa ɓangaren da ya fi masa sauƙi, ko sau ɗaya bai taɓa ɗora masa wahala ba, to a binciki mai tawilin.

Saboda haka ban ga laifin barin lafazi ba, sai dai ban ga halaccinsa ba ga wanda bai fara ɗanɗana shi ba. Dagulewar da dattijon ya ji ba asara ce ba, domin a cikinta ya tsinkayi abin da marubucin ke nema, wato amo ya shiga cikin amo kamar hazo, gefensa ya narke, abin da mai sakin feda tsaf-tsaf tun ranar farko ba zai taɓa sanin an nema ba.

Da na koma bayan wata biyu na tarar ya cire takalmin dama, yana kiɗa da safa, wai don tafin ƙafarsa ya ji daidai inda ulun ke fara shafar tsirkiya. Yana danna fedar rabi, yana sassauta ta kaɗan in amon ƙasa ya juya, ba ya sakinta duka. Wannan ya fi duka hanyoyin biyu wuya, kuma rannan sau uku kaɗai ya dace cikin goma. A gefen takardar ya rubuta kwanan wata da fensir, ƙarƙashin waɗansu kwanakin da yawa.